Ƙahon Sinawa da ƙahon wanzamanmu: abu ɗaya ne, ko kama ce kawai?

Ɗan_Kwari
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watan jiya na je Guangzhou sayen kaya, kuma kwana uku da saukata bayana ya riƙe, har ruku'u ma sai da ƙyar nake yi. Wani abokin cinikina Basine ya kai ni asibitin gargajiya, inda likita ya kwantar da ni rub da ciki, ya kunna wuta a auduga, ya riƙa zura ta cikin kofunan gilashi yana zarewa da sauri yana kifa su a bayana. Kofi 8 ya kifa, ya bar su kamar minti 10, sannan ya cire. Bai tsaga ni ba, ko ɗigon jini bai fita ba, sai dai shaida mai duhu da ta yi kwana 9 kafin ta ɓace. Na samu sauƙi ƙwarai, domin washegari na shiga kasuwa na yi abin da ya kai ni. Da zan dawo na sayo irin na roba mai ɗan famfon hannu, da niyyar in riƙa yi wa mahaifinmu, wanda kafaɗarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Da na nuna masa sai ya ce ƙahon da ba a fitar da jini ba, ba ƙaho ba ne. Tambayata ita ce: wannan na Sinawa da na wanzamanmu abu ɗaya ne? Idan ba a fitar da komai ba, mene ne ya kawo mini sauƙi? Kuma babu laifi in yi wa Baba da kaina?

Jikan_Sarkin_Aska
Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiyar Baba ce. Na tashi ina riƙe wa kakana zabira, kuma ƙaho a wurinmu hawa biyu ne. Da farko wanzami yana kafa ƙahon a fata, ya zuƙe iskar da bakinsa ta ɗan ramin da ke tsinin, ya toshe ramin da jijiyar da ya tauna, ya bar shi har wurin ya tasa jini ya taru. Sai ya cire, ya yi ƙananan tsaga da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. A wannan karo na biyun ne mataccen jini yake fita, baƙi, mai kauri, wani lokaci guda-guda. Abin da aka yi maka a can hawan farko ne kawai, an tara jinin an bar shi a inda yake. A ganina wannan rabin aiki ne.

Ɗalibar_Nanjing
Ina neman afuwar Jikan Sarki, amma akwai gyara. Na yi karatun likitanci a Nanjing, kuma an koyar da mu wannan fanni a aji da kuma a asibiti. Sinawa suna da mai tsaga. Suna kiransa *ci luo ba guan*, kuma da wata allura mai kaifi uku, ko wata 'yar guduma mai ƙananan allurai a kanta, suke huda fatar kafin su kifa kofin. Sai dai busasshen, wanda aka yi wa Alhaji, shi ya fi yawa a yau, kuma shi ma kala-kala ne: akwai wanda ake barin kofin minti 5 zuwa 15, akwai wanda ake shafa mai a baya a riƙa jan kofin sama da ƙasa ba tare da an ɗaga shi ba, akwai wanda ake kifawa a fizge nan take sau da yawa har fata ta yi ja, akwai kuma na gora da ake dafawa cikin ruwan saiwoyi a kifa da ɗuminsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sunan. A yau suna cewa *ba guan*, wato jan tulu ko kofi, amma tsohon sunansa *jiao fa* ne, ma'ana hanyar ƙaho, domin su ma da ƙahon dabba suka fara kamar kakanninmu. A shekarar 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a cikin rubuce-rubucen likitanci na siliki da aka samu a ciki akwai bayanin yadda ake kafa ƙaramin ƙaho a kan basir a jawo shi waje, a ɗaure da zare, sannan a yanke. A ƙarni na 4 Ge Hong ya ambaci ƙaho a littafinsa na magungunan gaggawa. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, makarantar likitoci ta fada tana da ɓangaren koyar da ƙaho, kuma a lokacin ne gora ta fara maye gurbinsa, domin Wang Tao ya rubuta a shekarar 752 yadda ake dafa bututun gora a kifa shi da zafinsa. Tulun wuta na ƙasa kuwa, Zhao Xuemin ya bayyana shi a littafinsa na 1765, inda ya ce maginan tukwane na Jiangxi da Fujian ne ke yin sa suna sayarwa, ana ƙona takarda a ciki a kifa saboda ciwon kai na sanyi, da jiri, da ciwon gaɓoɓi, da ciwon ciki. A farkon lamarin an fi amfani da shi wajen zuƙe mugunya daga maruru da gyambo, daga baya ne ya koma maganin ciwon jiki.

Malam_Na_Zaure
Allah ya saka wa Malama da alheri. Ina so in ja hankali kan abu ɗaya, domin na ga masu tallar waɗannan kofuna a Facebook suna rubuta cewa sunna ce. Hijamar da ta zo a hadisi mai fitar da jini ce. A ruwayar Bukhari daga Ibn Abbas an ambaci waraka a abubuwa uku, tsagar mai ƙaho, da shan zuma, da lalas da wuta, tare da hana al'umma lalas ɗin. Kalmar tsaga tana cikin lafazin. Haka kuma ya tabbata cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, aka ba shi ladansa. Busasshen ƙaho magani ne da mutum zai iya nema kamar kowane magani halattacce, amma kada a jingina masa falalar da nassi bai ba shi ba domin a sayar da kaya.

Abu_Safwan
Ni hujjata a bayyane take. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 duniya ta ga Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka, da irin wannan shaida a kafaɗunsa, kuma ya tashi da lambar zinare 5. Mutumin da ke da manyan likitoci a kewaye da shi ba zai yarda a yi masa abin da ba ya aiki ba.

Likitan_Karkara
Ɗan'uwa Abu Safwan, Phelps ya riga ya ci zinare 8 a Beijing a 2008, shekara 8 kafin duniya ta ga wannan shaida a jikinsa, don haka nasararsa ba za ta zame mana ma'auni ba. 'Yan wasa sukan gwada duk abin da suke jin zai rage musu gajiya, kuma abin da mutum ɗaya ya ji a jikinsa, komai shahararsa, daidai yake da abin da Alhaji ya ji a nasa: labari ne na gaskiya, amma bai isa a gina hukunci a kansa ba.

Bari in koma kan tambayar Alhaji ta biyu. Idan aka kifa kofi iskar cikinsa ta yi ƙaranci, fata da naman da ke ƙarƙashinta suna tasowa, ƙananan hanyoyin jini masu siriri kamar gashi suna buɗewa, wasu su fashe, jini ya tsiyaya a ƙarƙashin fata. Wannan ce shaidar da kuke gani, kuma danginta ɗaya da kwanciyar jinin da mutum ke samu idan ya buge, shi ya sa take sauya launi daga ja zuwa shuɗi zuwa rawaya kafin ta ɓace cikin kwanaki ko mako biyu. Sauƙin da ake ji yana iya zuwa ta hanyoyi da dama. Jan da kofin ke yi yana sassauta naman da ya ɗaure, jini yana ƙara gudana a wurin, kuma sabon motsi a fata yana iya danne saƙon ciwo da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda mutum ke murza wurin da ya buge ya ji dama. Akwai kuma kwanciyar da aka yi, da ɗumin ɗaki, da natsuwar cewa ana kula da kai. Sannan kada mu manta, yawancin ciwon baya na farat ɗaya, irin wanda doguwar zama a jirgi da ɗaukar kaya ke jawowa, yana lafawa da kansa cikin kwanaki ko makonni.

Game da mataccen jini, ina girmama sana'ar Jikan Sarki, amma dole in faɗi abin da na sani. Jinin da ke fita ta tsaga yana da duhu ne saboda ya riga ya sauke iskar da ya ɗauko daga huhu, kuma yana guda-guda ne saboda kowane jini yana daskarewa idan ya bar jijiya ya zauna a mazubi. Da za a ɗebi jinin lafiyayyen yaro a ajiye shi minti 10, haka zai yi. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma saifa da hanta ne ke tsince waɗanda suka tsufa, ƙoda kuma tana tace datti dare da rana.

Jikan_Sarkin_Aska
Likita, na ji bayaninka, amma akwai abin da idona ya gani shekara da shekaru. Ƙaho biyu a bayan mutum ɗaya, ɗaya a inda yake ciwo, ɗaya a inda lafiya lau, kuma jinin wurin ciwon ya fi duhu ya fi kauri. Manomi ya zo a sunkuye ya koma a miƙe. Ban ce na fi ku sanin cikin jiki ba, amma wannan bambancin ba a littafi na karanta shi ba.

Ɗalibar_Nanjing
Abin da Jikan Sarki ya faɗa shi ne kusan kalma da kalma abin da malamanmu na gargajiya a Sin suke faɗa, kuma a nan ne nake ganin kamar ta fi ƙarfi, fiye da kamar kayan aiki. A fahimtarsu akwai wani ƙarfi da suke kira *qi*, wanda ke gudana tare da jini ta wasu hanyoyi da suka ratsa jiki, kuma suna da wata magana da kowane ɗalibi ke haddacewa, cewa inda hanya ta buɗe babu ciwo, inda ciwo yake hanya ce ta toshe. Abubuwan da ke toshe ta sun haɗa da iska, da sanyi, da danshi, waɗanda suke shiga ta fata su maƙale a nama da gaɓoɓi. Duk Bahaushen da ya taɓa jin tsohuwa ta ce sanyi ya shige ta zai gane wannan ba tare da tafinta ba. Aikin kofi a wurinsu shi ne ya jawo waɗannan abubuwa waje ya motsa jinin da ya tsaya, don haka ko ba a tsaga ba suna ganin an yi aiki cikakke. Suna ma karanta launin shaidar: baƙi-baƙi alamar tsayawar jini, fari-fari alamar rauni, ƙananan bororo ko raɓa a cikin kofi alamar danshi.

Wuraren kifawa ma ba da ka ake zaɓarsu ba. An fi bin layi biyu da ke gefen ƙashin baya, kuma akwai wani gurbi mai suna Dazhui, a ƙasan ƙashin da ke tasowa a gindin wuya idan mutum ya sunkuyar da kai, wanda ake kifa wa kofi saboda mura da zazzaɓi da riƙewar wuya. Amma in faɗi gaskiya, a ɓangaren likitancin zamani na makarantar an koyar da mu abin da ya dace da bayanin Likita, cewa duhun shaida ya danganta da ƙarfin zuƙa, da tsawon lokaci, da taushin fatar wurin. Darussan biyu a gini ɗaya ake ba da su.

Malam_Na_Zaure
Wannan gurbi da Malama ta kwatanta yana kusa da abin da Larabawa ke kira kahil, saman baya tsakanin kafaɗu, kuma a hadisin Anas an ce a nan da kuma jijiyoyi biyu na gefen wuya ake yi wa Manzon Allah hijama. Al'ummomi masu nisa da juna sun haɗu a wuri ɗaya a jikin ɗan Adam, kuma wannan abin lura ne.

Malamin_Kimiyya
Ƙaramin ƙari a kan wutar, domin na sha jin ana cewa wutar tana cinye iskar cikin kofi ne. Babban dalilin shi ne zafi. Iska idan ta yi zafi tana buɗewa, wani kasonta ya fice daga kofin, kuma da zarar an kifa shi ta fara hucewa sai ta tsuke, tururin da ƙonewar ya haifar ya koma raɓa, matsin ciki ya ragu. Iskar waje kuwa tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1, ita ce ke riƙe kofin a jiki. Saboda haka wuta, da bakin wanzami, da famfon Alhaji duk aiki ɗaya suke yi. Bambancin famfo shi ne babu haɗarin ƙuna, amma yana da nasa, domin hannu yana iya ja fiye da kima ba tare da mai ja ya ji komai ba.

Uwar_Biyu
Maganar ƙuna ta taɓa ni. Shekara biyu da suka wuce wata mata da ta ce ta koyo aikin ta zo gida ta yi mini na wuta saboda ciwon ƙugu da na samu bayan haihuwa. Ta jiƙa audugar da sifirit fiye da kima, ya ɗiga a bakin kofin, ta kifa mini shi yana ci. Har yau tabon yana nan kamar an ɗora mini bakin murfi. Sauran kofunan kuma ta bar su fiye da rabin awa tana cewa sai dattin ya gama fita, suka tayar mini da bororo cike da ruwa, ta ce ai sanyin ne ke fitowa. Sai da na yi mako uku ana wanke mini ciwo a asibiti, ga jarirai biyu ina shayarwa. Ba na zargin maganin kansa, amma ina roƙon duk wanda zai miƙa bayansa ya fara tambayar inda mai aikin ya koya da tsawon lokacin da ya yi yana koyo.

Ɗalibar_Nanjing
Sannu Yaya, Allah ya ƙara lafiya. Abin da aka yi miki ya saɓa wa ƙa'idar su Sinawan kansu. Ana matse audugar sosai kafin a kunna, ba a bari harshen wuta ya taɓa bakin kofi, kuma ba a wuce minti 15, a lokacin zafi ko a fata mai laushi ma ƙasa da haka. Ba a kifawa a ciki ko ƙugun mai juna biyu, ko a kan rauni, ko kumburarriyar jijiya, ko ƙari, ko ga mai zazzaɓi mai tsanani da jijjiga. A Sin likitan gargajiya yana shekara 5 a jami'a kuma sai ya ci jarrabawar lasisi, tun 1956 aka buɗe manyan kwalejojin fannin a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, kuma a ranar 1 ga Yuli 2017 dokar ƙasa ta likitancin gargajiya ta fara aiki. Duk da haka ana yin ƙaho a gidajen wanka da na tausa, inda ba likita ke yi ba, kuma a can ma ana samun masu ƙonewa.

Mai_Nazari
Ina so in tunatar da Likita wani abu, kada mu yi saurin raina tsofaffin littattafan nan. Ge Hong ɗin da Malama ta ambata, a littafin nasa ne Tu Youyou, wata masaniyar magunguna 'yar Sin, ta karanta cewa a jiƙa ganyen qinghao, ɗan'uwan tazargade, a ruwa a matse a sha saboda zazzaɓi. Daga nan ta gane cewa tafasawa ce ke lalata sinadarin, ta koma tatsarsa ba da zafi ba, aka samu atemisinin, wanda shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu a yau. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Idan littafi ɗaya ya ba duniya wannan, me zai hana ƙahon da ke cikinsa ya zama gaskiya? Na kuma ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da likitancin Sin.

Likitan_Karkara
Malam Mai Nazari, misalinka yana da kyau, kuma ni ma da shi zan kafa hujja. Ayarin Tu Youyou ya bi ta kan ɗaruruwan magungunan gargajiya, mafi yawansu suka faɗi a gwaji, wannan ɗaya ya tsaya, aka gwada shi a kan ɓeraye da birai da mutane, aka ga ƙwayar cutar tana ɓacewa daga jini a madubin likita. Gwajin ne ya ɗaukaka shi, ba tsufan littafin ba. Ƙaho ma an gwada shi. A 2012 wasu masana daga jami'ar likitancin gargajiya ta Beijing sun tattara gwaje-gwaje 135, suka ga alamun amfani a wasu cututtuka kamar ciwon wuya da shanyewar ɓarin fuska da ƙurajen fuska, amma su da kansu suka ce yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci sosai. Matsalar ita ce da wuya a yi ƙahon bogi da mara lafiya ba zai gane ba. A Barazil an gwada hakan, aka wallafa a 2021: mutum 90 masu daɗaɗɗen ciwon baya, rabi aka yi musu na gaske, rabi aka kifa musu kofi mai ɗan rami da iskar ke zurarewa, sau ɗaya a mako har mako 8. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma na gasken bai fi na bogin ba. Wani gwaji a Jamus a 2016 a kan masu ciwon jiki na gaba ɗaya ya ba da irin wannan sakamako.

Batun Hukumar Lafiya kuwa, abin da ta yi a 2019 shi ne sanya babi na sunayen cututtuka bisa fahimtar gargajiya ta Sin da Japan da Koriya a cikin kundinta na rarraba cututtuka, domin a iya ƙidaya da rubuta rahoto, kuma ta bayyana cewa wannan ba shaidar ingancin wani magani ba ce. Matsayina shi ne, busasshen ƙaho a hannun wanda ya iya, ga mai ciwon nama, yana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci kuma haɗarinsa kaɗan ne. Amma duk wanda ya ce yana warkar da hawan jini, ko ciwon suga, ko rashin haihuwa, ko sikila, ya faɗi abin da babu hujja a kansa.

Ɗan_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. A gidanmu idan bazara ta kama tsofaffi sukan kira wanzami ko ba su da ciwo, su ce a rage jini kafin aikin damina. Malama, su ma Sinawa suna da lokacin da suka fi so?

Ɗalibar_Nanjing
Suna da shi, Malam. Kwanakin da suka fi zafi a shekara, tsakanin tsakiyar Yuli da Agusta, suna kiransu *sanfu*, kuma suna ganin lokacin ne ya fi dacewa a kori sanyin da ke tayar da tari da ciwon gaɓoɓi a hunturu. A waɗannan kwanaki asibitocin gargajiya sukan cika da masu neman a manna musu magani a baya ko a yi musu ƙaho.

Nas_Mai_Dare
Mun yi nisa, kuma tambayar Alhaji ta uku, wadda ita ce mai gaggawa, tana nan ba a amsa ba. Alhaji, shekarun Baba nawa, kuma waɗanne magunguna yake sha kullum? Ina tambaya ne domin fatar tsoho ba ta ɗaukar abin da ta saurayi ke ɗauka, kuma mai shan maganin tsinka jini kamar asfirin ko wafarin yana iya samun kwanciyar jini mai yawa ko da busasshe ne. Ga masu son mai tsaga kuma, ina aiki a ɗakin da muke kwantar da masu ciwon hanta, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin aska ko kofi aƙalla kwana 7. Goge kofi da tsumma ko ɗauraye shi da ruwan ɗumi ba ya kashe ta. Kofin roba da jini ya taɓa na mutum ɗaya ne.

Jikan_Sarkin_Aska
A nan ba ni da ja ko kaɗan. Mu da muka gaji sana'ar yanzu sabuwar reza muke ɓarewa a gaban mutum, mu sa safar hannu, kuma da yawanmu mun ajiye zuƙa da baki saboda lafiyarmu mu ma. Kakana ma ba ya yi wa kowa ƙaho. Idan ya ga idon mutum ya yi fari, ko mace mai ciki, ko wanda ya tashi daga doguwar jinya, sai ya ce ya je ya ci abinci ya yi ƙarfi tukuna.

Ɗan_Kwari
Na gode ƙwarai da gaske, ban zaci zan samu ilimi haka ba. Malama Nas, Baba yana da shekara 74, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma cikin magungunansa akwai ƙaramin asfirin da yake sha kowace safiya. Kafaɗar kuwa ta kai wata 7, ba ya iya ɗaga hannun ya sa hula, ba ya iya kai shi baya, kuma da dare ciwon ya fi tsanani. An yi masa ƙaho sau biyu a kanta a garinmu, ya ji daɗi kwana kaɗan, ciwon ya dawo.

Likitan_Karkara
Alhaji, ba zan yanke hukunci a kan wanda ban duba ba, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da daskarewar kafaɗa, inda jakar da ta lulluɓe gaɓar take kumbura ta tsuke, kuma ta fi kama masu ciwon suga. Matsalar tana can cikin gaɓa, inda jan kofi ba ya kaiwa. Tana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa uku, kuma abin da ke taimakawa shi ne motsa gaɓar a hankali a ƙarƙashin kulawar likitan gashin ƙashi, da daidaita suga, wani lokaci da allura a cikin gaɓar. Da suga da asfirin a jikinsa, ina roƙonka kada a sake tsaga shi, domin jini zai daɗe bai tsaya ba kuma rauni zai daɗe bai warke ba. Kada kuma a dakatar da asfirin ɗin domin a samu damar yin ƙaho, likitan da ya rubuta shi yana da dalili.

Ɗalibar_Nanjing
Sinawa suna kiran wannan ciwo kafaɗar 'yan hamsin, saboda shekarun da ya fi kama mutane. Suna kifa kofi a kansa, amma a asibitin da na yi horo ba a taɓa sallamar mai shi da kofi kaɗai ba, sai an haɗa masa da tausa da atisaye, musamman wanda zai fuskanci bango ya riƙa hawa da yatsunsa sama kaɗan-kaɗan kowace rana. Idan likitansa ya yarda a yi busasshen, to a ja famfon sau ɗaya ko biyu kawai, kada a wuce minti 5, a kan nama ba a kan ƙashi ba, kuma a duba fatar washegari.

Abu_Safwan
Duk da gwajin Barazil, ni dai ina yi duk wata kuma ina jin daɗin jikina, kuma zan ci gaba. Sai dai na karɓi maganar kofin mutum ɗaya, gobe zan sayi nawa.

Jikan_Sarkin_Aska
Alhaji, ka gaida Baba. Ka faɗa masa jikan wanzami ya ce a wannan karon a bi maganar Likita a bar aska. Amma ina nan a kan bakana cewa abin da aka yi maka a Guangzhou da abin da kakana ke yi ba su zama ɗaya ba, ko da sunansu na asali ɗaya ne.

Ɗan_Kwari
Zai ji, in sha Allahu. Na karanta masa bayanan jiya bayan isha'i, ya yi shiru da aka zo kan tsohon sunan nan na Sinawa, ya sa na maimaita masa sau biyu. Ya yarda mu je asibiti ranar Litinin, da sharaɗin in tafi da kofunan in nuna wa likitan. Malama, wannan atisayen bangon, sau nawa ake yi a rana, kuma yana iya farawa kafin Litinin ɗin ko mu jira a duba shi tukuna?